Ƙusa Ba Ta Zaɓe

Shagona taku huɗu ne a Buyenzi,
tsakanin mai gyaran birki da mai soya ndagala.
Shekara talatin da ɗaya ina yanka gilashi,
ina yi wa manyan ƙasar nan shinge da katako.

Ƙasarmu ƙarama ce. Mai keken da ya lafto ayaba
daga kan tudu da asuba, in birki ya ci amanarsa,
yana bakin Tanganyika kafin shayi ya huce.
Amma manyanta ba sa ƙirguwa.
Kowane tudu da gwarzonsa,
kuma duk ta hannuna suka bi suka hau bango.

Masinja kan shigo da firam a hammata:
"Baba Sindayigaya, a canja na ciki."
Ba na tambaya, rediyo ya riga shi zuwa.
In zare na jiya, in hura wa gilashin iska,
in goge da tsohuwar jarida, in kwantar da na yau.
Ƙusar bangon ofis ba ta zaɓe,
wanda aka rataya mata shi take ɗauka.

Na jiyan ba mai dawowa nemansu.
Suna aljihun tebur na ƙasa, inda damina ke kwana.
Janar Barandereka, da lambobi har kafaɗa ta rankwafa,
yana kwance fuska da fuska da lauyan da ya kora ƙetare.
Danshi ya manne su.
Ka ɓamɓare ɗaya, gashin bakin ɗayan ya biyo.
Sulhun da ya gagara a manyan otal
kyankyasai sun shaida shi a nan, ba ko sisi.

Ga Inamuco, wadda ba a biki sai da muryarta,
har ranar da ta ƙara baiti ɗaya a kan wanda aka biya ta.
Bakinta a buɗe yake har yau.
Wani dare nakan kara kunne.

Ɗan tseren da ya ciwo mana tagulla kuwa
katin waya yake sayarwa a shataletale.
Ya taɓa leƙowa, ya daɗe yana kallon kansa,
ya ce, "Wannan yaron ya tsere mini."

Ranar Laraba, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
wata mata ta shigo daga Rumonge, zaninta na ƙanshin manja.
Ta kwance bakin ɗankwali, ta fito da hoto
bai kai kwalin ashana ba, an yanko shi daga katin shaida,
rabin hatimi na zaune a kan kunnensa.

"Wane ne?"
"Ntibazonkiza. Mai kwalekwale.
Shekarar da aka yi gudu, shi ya haye da mu tafki da dare.
Ina ƙarƙashin koma, ni da jaririna da kifin mukeke.
Bai tambayi sunan ubana ba, bai dubi hancina ba.
Sawu tara ya yi. Na goman ruwa ya riƙe.
Wanne ne mafi araha?"

A saman kanta akwai wani mai ruwan zinariya,
wani minista ya sa a yi, ya faɗi kafin fenti ya bushe.
Na sauko da shi, na shimfiɗa shuɗiyar takarda,
na ɗora mutumin a tsakiya.
Ya yi ƙanƙanta ƙwarai,
kamar jirginsa in ka hango shi daga kan tudu.

Ta biya da kwalbar manja.
A bakin ƙofa ta juyo, ruwa na dukan kafaɗarta:
"Bangona na laka ne, Baba. Zai riƙe?"

Na tona gwangwani har ƙasa,
na ba ta mafi tsawo.